Wa Ya Hana Ɗan Gwaggo Tafiya?

Waɗanda ke gidan ranar su ne ni, da ƙanin marigayi mijina wanda yara ke kira Baffa, da autata da ta zo daga Isa inda take aure, da surukata matar wancan, da wani Bayarabe abokin aikin wancan, da kuma shi wancan ɗin. Sai maƙwabciyata Bafillatana, wadda ta shigo da ƙwaryar nono, ta ga mota a ƙofar gida da baƙi a ciki, ta nemi wuri ta zauna kamar da ita aka shirya taron.

Wancan da nake faɗi ɗana ne na fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuwa yau za ni fara ba. Abin da ya kawo shi Kamarawa shi ne an kira shi aiki wata ƙasa mai nisa, inda masu irin karatunsa suke taruwa, kuma an gaya masa daga wannan kira babu wani, don shekarunsa sun kai gaɓar da ba a ƙara ɗaukar mutum. Suna can suna jiran amsarsa. Shi kuma ya ce ba ya ba su amsa sai ya ji ta gida.

A Tsamaye inda aka haife ni, mace ba ta kallon ɗan fari a gaban mutane, ba ta yi masa magana baki da baki, ba ta cin abinci yana kallo. Haka na ga uwata ta yi wa yayanmu har ta koma ga Allah, haka ni ma na yi. Da aka yaye shi, yayar mijina ta zo daga Sabon Birni ta goya shi ta tafi, ita Allah bai ba ta haihuwa ba. Tun daga nan ya zama ɗan Gwaggo, ni ma in ta kama dole haka nake ce masa. 'Yan zamani suna cewa wannan rashin ƙauna ne. Ba su san kome ba. Shekarar da baƙon dauro ya kwantar da shi ban taka Sabon Birni ba, amma tuwo bai wuce maƙogwarona ba sai da aka aiko cewa ya tashi.

Gwaggon ce ta sa shi boko, ubansa yana gunaguni. Ya shiga bai fito ba. Daga wannan makaranta sai waccan, daga Sakkwato sai ƙasar Turawa, ya dawo ana ce masa dakta. Mutanen gari suka cika mana zaure, mai ciwon baya da mai yanar ido, ya ba su haƙuri ya ce shi ba na allura ba ne. Aikinsa haske. Ba na lantarki ba, don in wutar gidansa ta lalace wani yake kira. Tunani yake yi a kan yadda haske ke tafiya, da yadda yake karkacewa in ya gifta kusa da abu mai nauyi kamar rana, da abin da ya sa agogon mai tsananin gudu ke jinkiri a kan na wanda ke zaune. Ba inji, ba kwalabe. Alli ne da allo da takarda. Duk wannan daga bayan asabarin ɗakina na ji shi, yana yi wa Baffansa bayani a gindin dogon yaro. Ban ce na gane ba. Amma na ji, kuma ban manta ba.

Uwar da ba ta magana ido gare ta. Kowane zuwa ina dubansa ta tsakanin karan asabari, kuma na ga abin da sauran ba su gani ba. Farkon dawowarsa da hannu yake magana, ya ɗauki tsinke ya yi ta zane a ƙasa har tuwonsa ya huce, kaji su bi su share masa. Sannu a hankali zancen ya sake. Ya koma na yajin aiki, an rufe makaranta damina ta wuce. Ya koma na ɗaliban da ba lissafin suke so ba, takardar shaida suke so. Na ɗakin karatun da littattafansa suka girmi masu karanta su. Na yadda aka ɗora masa rabon ɗakunan kwana da tsara jarrabawa, don an ga ba ya musu. Wata shekara na ji yana cewa akwai wani lissafi da ya daɗe yana bi, yana gab da kama shi aka jibge masa takardun ɗalibai, kafin ya ɗago wasu can nesa sun gama sun sa sunansu. Ya faɗa yana dariya. Ban ji daɗin dariyar ba. Furfura ta fito masa kafin ta gama rufe nawa kan, wuyan rigarsa kullum da farin alli.

Ranar da nake ba da labari sun iso da hantsi. Maza suka zauna a tabarma gindin dogon yaro, ni ina ɗaki, surukata tana gefena, auta tana kai da kawo. Bayaraben ne ya fara ɗaga murya. A Sakkwato aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar ruwa, kuma an ce a duk makarantarsu su biyu kaɗai ke gane maganar juna.

"Ina baiwata Bagobira? A fito a gaida ubangida!"

Na ce, "Wa ya bar zaure buɗe, har bawa ya shigo ba sallama? Ke auta, ba shi barkono shi tauna, in ba haka ba ba ya natsuwa."

"Mama, tsagar nan ta fuskarki, har yau ba a kama kazar da ta yi ɓarnar ba?"

"An kama ta. Kakanka ya cinye ta da manja."

Tsakanin Gobirawa da Yarbawa akwai wasa tun kaka da kakanni. Abin da na ga dama nake faɗa masa, shi ma haka. A duk mazan da ke tabarmar nan, shi da Baffa ne kaɗai bakina ke iya kaiwa gare su.

Da aka sha ruwa, wancan ya gyara zama ya yi wa Baffansa bayanin kiran. Ya ce wurin ba a koyar da aji, ba a rabon ɗakuna, an bar mutum da tunaninsa da waɗanda za su yi masa gardama. Baffa ya saurara yana sakace, sannan ya ce, "Wanga karatu naka ba ya ƙarewa? Ga furfurarka ta riga tawa. Ba kai ka ce muna mai gudu ba ya tsufa ba? To ka tahi da gudu ka dawo muna yaro, mu sake maka aure."

Surukata ta ja ɗan tsaki a gefena. Na yi kamar ban ji ba.

Wancan bai yi dariya ba. Ya ce, "Baffa, wannan ne na uku. Sau biyu ana kirana, sau biyu ina tambaya a gidan nan, ana nuna mini ba a so, ina haƙura. Ban yi nadama ba, albarka ta fi mini. In wannan ma ba a so, sai in haƙura. Ina dai son in sani."

Na juya ga surukata na ce, "Ke, wa ya hana shi?"

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi.

"Da ke nake. Wane ne a gidan nan ya hana shi?"

"Inna," ta ce a hankali, "ai ke."

"Ni? Yaushe?"

Nan ta warware mini, tana raɗa. Kiran farko na tuna shi sarai. Gwaggo ce ta zo da goro a leda ta ce ɗanta wai za shi ƙasar waje aiki. Na karɓi goron, na ce mata, "Mi ya kai bakina maganar ɗanki?" Na tashi na shige ɗaki na saki asabari. Duk macen da ta sha nonon uwarta a ƙasar nan ta san abin da wannan ke nufi: naki ne, ba ni da ja. Da ina da ja, da goron bai taɓa hannuna ba. Gwaggo ta sani, ta fi kowa sani. Amma abin da ta kai masa shi ne, "Na hwaɗa mata, ta tashi ta shige ɗaki ta saki asabari." Ba ta yi ƙarya ba. Goron kawai ta bari a hanya. Allah ya jiƙanta, ta so ya kasance kusa ranar da za a kai ta makwancinta, kuma ya kasance. Sai dai da tana raye ranar nan da ta ji daga gare ni.

Na biyu bayan rasuwarta ne. Shi da kansa ya zo ya durƙusa ƙofar ɗakina ya yi ta magana. Ina ɓarar gyaɗa. Na juya fuskata bango, don mi kuma za ni yi? Yana tashi na sa aka kama babban zakarana, wanda nake ji da shi, aka yanka masa. Ya ci, ya suɗe hannu, ya koma Sakkwato ya gaya musu ba shi zuwa. Bai tambayi kansa ba, ba salla ba suna ba, mi ya kashe zakaran nan? Ni kuwa ina nan ina jiran a ce ya tashi. Da na ji shiru sai na ɗauka Turawan ne suka yaudare shi. Na daɗe ina tsine musu a zuci, bayin Allah, ashe suna can sun buɗe masa ƙofa.

Mutumin da ke zama ya lissafa abin da tauraro ya yi tun kafin a haifi kakansa, a ce bayan uwarsa ya gagare shi karantawa. Takaici ya kama ni, ga shi kuma babu damar in ɗaga asabari in ce masa kai wawa ne.

Na kira auta. Na ce, "Je ki ce wa Baffanku, ni ban taɓa tare wa kowa hanya ba, jiya ko yau. Haka za ki hwaɗa, kada ki ƙara, kada ki rage."

Ta fita ta durƙusa, ina ji da kunnena ta ce, "Baffa, Inna ta ce ita ba ta da ta cewa, Allah shi zaɓa abin da ya fi alheri."

Ko yaron goye ya ji wannan ya san a'a ce da aka sa wa riga. Na ga kafaɗun wancan sun sauka. Da ta dawo na kama hannunta na matse. Ta ce, "Inna, in yaya ya tahi, wa za ni kira in ƙafarki ta tashi? Ni kaɗai za a bar wa?" Idonta ya kawo ruwa. Na sake ta. Kowa a gidan nan da abin da yake so, kuma kowa da bakina yake so ya faɗe shi.

Sai na koma ga Bayarabe, tunda shi babu shamaki tsakaninmu. Na ɗaga murya yadda har na zaure zai ji. "Kai bawa! Ɗauki ɗan rakiyarka ku tahi. Ka kai shi inda anka kira shi, kada ka dawo muna da shi. Kun cika muna gida da lissahi."

Aka fashe da dariya. Bayaraben ya buga cinya ya ce, "Mama, in na kai shi nawa za ki biya ni? Bagobiri ko kyauta ba a karɓa a can!" Baffa har da share hawaye. Wancan ya yi ɗan murmushi irin na wanda ya gaji. Magana mafi nauyi da na taɓa yi a kansa, suka ɗauke ta wasa, don ta ƙofar wasa ta fito.

Bafillatana ce kaɗai ta gane. Su kunyar ɗan fari tasu ta fi tamu tsanani. Ta ajiye ludayinta ta ce, "Aradu ko saniya ta ji wagga magana ta san an sallame ta. Malam, ta yarda. Ka tahi abinka."

Baffa ya ce, "Ke kuma mai nono, wa ya sa da ke?"

Wancan ya ɗaga hannu ya ce a bar ta, ya gode mata. Sannan ya ce, "Duk rayuwata fassara ake yi mini. Gwaggo ta fassara, yau auta ta fassara, ga maƙwabciya ta fassara, kuma ba su zo ɗaya ba. A aikinmu ba a karɓar an ce. Ba na neman doguwar magana. Kalma guda, in ji da kunnena."

Baffa ya juyo wajen ɗakina. Shi ƙanin miji ne, abokin wasana ne tun ina amarya, amma ranar babu wasa a muryarsa. "To yaya, kin ji. Duniya ta sake, wanga abu an bar shi. Ga ɗanki nan. Shi tahi ko shi zauna?"

Ɗanki, ya ce. A gabansa.

Wallahi na buɗe baki. Ta tsakanin kara ina hangen ƙeyarsa, ya sunkuya, gashin tsakiyar kansa ya zube daidai inda na ubansa ya zube. Kalmar tana nan a kan harshena, gajeruwa, kullum ina faɗa wa kaji ita. Amma abin da mutum ya riƙe tun yana yarinya har ya rasa haƙora ba ya sakuwa don an ce duniya ta sake. Baffa yana ganin kamar zane ne da za a kwance a ɗaura wani. Da wannan kunyar na riƙe mutuncina a gidan miji, da ita na kai yaron nan hannun wata ban yi kuka a gaban kowa ba. In na fasa ta yau a gaban baƙo da suruka, to waccan duk mene ne na yi? Bakina ya rufe da kansa. Surukata ta taɓa gwiwata tana cewa, "Inna, don Allah." Na ture hannunta.

Da shirun ya yi tsawo, wancan ya numfasa. Ya ce, "Shi ke nan, Baffa, kada a matsa mata. Ko da an ce in tahi ma, in bar ta nan? Kun ga yadda hanya ta zama. Mu da kanmu sai da muka jira rana ta ɗaga kafin mu shigo. Mutanen daji masu bindiga ba su san tsohuwa ba. Na sha roƙo ta koma gidana Sakkwato, ta ƙi."

Wannan gaskiya ne, na ƙi. Sau ɗaya na je, lokacin da aka kai ni asibiti don ƙafa, kuma na rantse ba ni komawa. Gida ne da babu tsakar gida. Kowa a ɗaki guda yake ci, a kan tebur, fuska da fuska. Makewayi a cikin gida, jikin ɗakinsa, ba ki zagawa sai kin gifta shi yana zaune da takardunsa. Na rame a gidan nan kamar mai jinya biyu. Gidan da yake ciki ba ni zama, kowa ya sani.

Bayarabe, wanda yanzu ya bar dariya, ya ce masa ya sake tunani. Ya ce, "Ai kai kaɗai za ka fara tahiya. Iyali suna nan, gida yana nan, ga ɗakuna. Ka bar wannan ta wuce, ni da kai sai dai mu tsufa muna rabon katifa."

Wancan ya ce ya gama magana. A garinmu waya ba ta kamawa, don haka ya ce gobe in sun kai Isa zai aika musu da amsa, ya ce ba shi zuwa. Aka kira la'asar, suka tashi suka tafi masallaci.

Auta ta kawo tuwo na ce ta mayar. Ina zaune ƙofar ɗaki bayan sun fita, maganar Bayaraben tana dawo mini. Iyali suna nan, gida yana nan. Shi ne dai ba ya nan. Na dubi rumbuna da na cika da geron bana. Na dubi awakina, da turmin da na zo da shi daga Tsamaye, da katangar da ubansu ya ɗora da hannunsa wadda bayanta kaɗan maƙabarta take, inda na riga na san wurin da nake so a sa ni. Ban son Sakkwato. Ban son ruwanta, ban son hayaniyarta, ban son tebur. Na ji haushin Gwaggo, da auta, da Baffa, da shi kansa mai taurin kan da sai ya ji da kunne. Duk cikinsu babu wanda zai yi asarar kome sai ni da shi.

Da na sallame asuba ban koma shimfiɗa ba. Na ɗaure tufafina a zane guda. Na buɗe ƙasan akwati na ɗauko farin yadin da na ajiye don ranar da babu makawa, na sa shi a tsakiya. Na ɗauki butata da tasbaha da ƙwaryar da nake shan fura. Na kwance awaki na ja su zuwa gidan Bafillatana. Ta fito ta dube ni, ta dubi ƙullin da ke kaina, ba ta tambaye ni kome ba, ta karɓi igiya. Na ce jar nan tana da ciki, a kula. Mabuɗin ɗaki da na rumbu na miƙa wa matar Baffa ta kan katanga, na ce su ci geron kada ƙwari su riga su.

Maza sun dawo masallaci sun ɗan kishingiɗa kafin rana ta ɗaga. Bayarabe yana zaure, mabuɗin mota a gefen kansa. Na zungure shi da sandata.

"Tashi, bawa. Buɗe wa uwargijiyarka mota."

Ya miƙe yana murza ido. "Mama, lafiya? Ina zuwa da kaya haka?"

"Sakkwato. Gidan wancan. Na ji jiya ka ce akwai ɗakuna."

"Ai kin ce ba ki zama gidan da yake ciki."

"Har yanzu haka na ce."

Ya tsaya yana kallona baki buɗe, sai ka ce ba shi ne mai lissafin taurari na biyu ba.

Na ce, "Ka saurara da kyau, don ba ni maimaitawa, kuma wannan ba wasa ba ne. Za mu biya ta Isa, inda waya ke kamawa. In mai gidan ya ce musu yana nan zaune cikin gidansa, ka sauke ni can Isa gidan auta, in nemi motar komawa. In ya ce musu yana tahe, mu wuce. Kuma ba fassara na aike ka ba. Ka ce masa shi fito shi duba da idonsa wa ke cikin motar."

Ya buɗe mini ƙofar baya, ya kwasa cikin gida da gudu ko takalmi babu, yana kiran sunan da ban taɓa kira ba. Na shiga, na ɗora ƙullina a cinya, na ja ƙofar da ya bari buɗe. Na zauna ta bayan direba, inda na gaba ba ya ganin mutum sai ya waiwayo, na ja mayafi na rufe fuskata.